Takun da Orest Ya Rufe a Ambulan

Shekara talatin da uku ina riƙe da sirrin Orest Hladun, ban kuma san abin da ke cikinsa ba. Ni ce Thora, wadda ta yi aikin gidan wayar garinmu Halden, can arewacin Manitoba a ƙasar Kanada, har ƙafafunta suka gaji. Ni ce kuma alƙaliyar ƙungiyarmu ta masu darar ces, darar nan mai sarki da sarauniya da doki da sojoji. Ba don na iya wasan aka ba ni alƙalanci ba. An ba ni ne don ni kaɗai ke da akwatin ƙarfe mai makulli, kuma ba mai son zama gabana mu buga, saboda ina da saurin fushi, na taɓa jifan wani da dokin dara.

Orest bakanike ne, mai gyaran taraktoci. Ƙato ne mai nauyin hannu, in ya sa hannu a takarda sai biro ya huda ta. Ba shi da mugunta, zai fito cikin ƙanƙara ya tayar maka da mota bai karɓi komai ba. Aibinsa ɗaya ne, kowa a Halden ya sani: ba ya komawa inda aka kayar da shi. Yana cikin mawaƙan coci aka ba wani yaro baitin da yake so, tun ranar bai sake shiga ta babbar ƙofar cocin ba. An yi gasar kamun kifi a kan tafki, wata malamar makaranta ta kama wanda ya fi nasa, washegari ya rabar da ƙugiyoyinsa. Akwai wata Lesia da ya nema da aure ta ƙi shi. Ta koma birnin Winnipeg tun muna 'yan mata, amma har gobe Orest ba ya bin layinsu, gara ya zagaya ta bayan makaranta.

Abokin karawarsa a dara shi ne Fernand Gosselin, mai gidan burodi. Ɗan ƙaramin mutum ne, shiru-shiru, kullum da garin fulawa a girarsa. Duk ranar Talata da la'asar su biyun suna ɗakin ƙarƙashin coci, inda ƙungiyarmu ke haɗuwa. Orest ta ƙofar baya yake shiga, don haka rantsuwarsa ba ta karye ba.

A watan Nuwamba na 1986 su biyun suka kai wasan ƙarshe na kofin gari. Ranar Asabar ce, aka fara da hantsi. Ƙarfe huɗu ta yi ba su gama ba, sai ga matan coci sun sauko matakala da buhunan dankali da fulawa, za su yi firogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, wanda suke sayarwa ran Lahadi. Shugabarsu ta dire tukunya a gefen allon, har sojoji suka yi rawa.

"Ku tattara 'yan gumakanku ku ba mu wuri," in ji ta.

"Madam, wasan ƙarshe ne fa," na ce.

"To ai shi ke nan, ku ƙarasa shi a waje. Mu ruwanmu ya tafasa."

A wancan zamani in za a ɗage wasa akwai yadda ake yi. Wanda taku ya zo kansa ba ya taɓa allo. Sai ya rubuta takun da zai yi a ɓoye, ya sa a ambulan ya liƙe, ya ba alƙali. Ta haka shi ba zai je gida ya sake shawara ba, abokin wasansa kuma ba zai kwana yana nazarin amsa ba, tunda bai san me aka taka ba. Ba a buɗe ambulan sai ranar da aka dawo, abokin wasan ya zauna a kujerarsa.

Taku na Orest ne. Mata na buga tukwane a kansa, ya yi ta kallon allo, can ya jawo ɗan littafin da Fernand ke rubuta odar burodi ya ɗora takardarsa a kai, ya juya mana baya ya rubuta. Ya ninke, ya lashi bakin ambulan, ya miƙo mini. Na ga kunnuwansa sun yi ja, na ɗauka zafin murhu ne. Aka sa Asabar mai zuwa.

Ran Juma'a Fernand ya bugo mini waya, wai bayansa ya riƙe. Aka ƙara mako. Wannan karon murhun burodinsa ne ya lalace. Sai Kirsimeti ta shigo, sai sanyi, sai ga shi an shiga wata shekara. Da maganar ta tsaya nan, da an manta da ita kamar kowace shiririta ta garinmu. Abin da ya ɓata lamarin, motar wani baƙo ce da ta mutu a bakin gari.

Baƙon nan ashe gwanin dara ne daga Winnipeg, irin waɗanda ake buga sunansu a jarida. Yana jiran Orest ya gama masa gyara, aka ja shi ɗakin ƙarƙashin coci ya ga allon, wanda muka jera a kan kanta yadda aka bar shi. Ya tsaya a kansa kamar minti goma, ya yi fito.

"Akwai taku ɗaya a nan," ya ce. "Farin doki ya faɗa can, a ba da shi kyauta. Bayan taku bakwai baƙin sarki ya mutu, ba makawa. Duk wanda ya hango wannan ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Wa ke riƙe da farare?"

Kowa ya juya ya kalli Orest, wanda ya biyo mu da tsumma a hannu. Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya dubi silin.

"Doka ta hana ni magana," ya ce.

Wannan kalma ita ta ciyar da shi shekara talatin da uku. Bai taɓa cewa dokin ya rubuta ba, wannan zan ba shi shaida. Mu ne muka faɗa masa, shi kuwa bai musa ba. Jaridar garinmu mai fita ran Alhamis ta buga hotonsa yana kallon nesa. Kwamiti ya zauna ya yanke a liƙe 'ya'yan darar da gam a kan allon, a sa cikin gilashi, don kada masu shara su goge mana tarihi. Mai gidan abincin bakin titi ya ƙirƙiro wani naɗin nama ya sa masa suna Ambulan, ba a gaya maka abin da ke ciki sai ka gatsa. A jikin kofin gari, inda ake zana sunan gwanin kowace shekara, layin 1986 ya zauna fanko, kuma duk Halden ta san sunan wa yake jira.

Orest bai sake shiga gasa ba. Cewa ya yi mai wasan da bai ƙare ba, rashin ladabi ne ya fara wani. Da haka ya zama mutum ɗaya tilo a tarihin ƙungiyarmu da ba a taɓa cinyewa ba tun 1986. Sai ya koma malamin tarihi. Duk hunturu yana ba da lacca a ɗakin karatu kan manyan 'yan darar duniya. Yakan ɗauko ta daga Indiya, ya bi ta Farisa, ya tsaya shan ruwa a Rasha, ya faɗi wanda ya haukace da wanda ya mutu a talauce, sannan ya zo ya sauke kaya a Halden. In wani ya tambaya ko a cikin manyan nan akwai wanda ya taɓa rufe taku irin nasa, sai ya ɗaga hannu ya ce doka ta hana shi magana. Mutane su yi ta tafi. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba.

Ambulan ɗin kuwa yana wurina. Sau uku na ɗaga shi a gaban fitila, Allah ya gani, amma irin mai kaurin nan ne ruwan ƙasa, ban ga komai ba. Da na yi ritaya na tafi da shi gida a gwangwanin biskit. In Orest ya gan ni a kasuwa yakan tambaye ni lafiyarsa, kafin ya tambayi tawa.

"Yana nan lafiya? Ba laima a inda kika ajiye shi?"

"Yana gaishe ka," nakan ce.

Kowace shekara Orest yana aika wa Fernand wasiƙa mai rajista, yana kiransa su ƙarasa wasa. Tsakanin garejinsa da gidan burodi taku ɗari biyu ne, amma sai ya zo gidan waya ya sayi kan sarki, ni kuma in buga hatimi in kai. Daga baya na lura ranar da yake sawa kullum tana faɗawa ne makon Ista ko jajibirin Kirsimeti, lokacin da mai gidan burodi ba ya samun sukunin sosa kai. Na lura, amma ban tsaya na yi tunani a kai ba. Fernand shi ma yakan amsa a rubuce. Yau baya, gobe bikin 'yarsa, wata shekara ya ce likita ya hana shi zaman da ya wuce awa ɗaya, alhali ranar Talata yana awa uku a kujera.

Gari ya sa masa suna Fernand Ciwon Baya. In ya shigo gidan abinci sai wani ya dafe ƙugu ya yi nishi, a fashe da dariya. Shi ma yakan yi murmushi ya sayi gahawarsa ya fita. Wata rana na kai masa wasiƙar, haushi ya kama ni, na faɗa masa a gaban masu sayen burodi.

"Fernand, kai fa ba ka jin kunya? Ka je a cinye ka mana ka huta. Namiji har namiji, ambulan ya hana ka barci?"

"Thora, ga burodin hatsi mai zafi, yanzu ya fito. In naɗe miki?"

"Ba burodi na tambaye ka ba, matsoraci kawai."

Ya naɗe mini burodin duk da haka, ya ƙara mini da ɗan kek. Wannan magana tawa har yau in na tuna ta sai in ji kamar in nutse.

Abin mamaki, duk wannan bai taɓa wasan Talata ba. Ƙarfe uku suna zaune, Orest da flas ɗin shayinsa, Fernand da ragowar burodin jiya. Suna bugawa suna zagin juna.

"Taka mana, mai fulawa. Ko bayan ne ya motsa?"

"Ina jira ne ka ɗauke hannunka, ƙaton banza, ka rufe mini rabin allo."

"Ka ga wannan takun? A Rasha sai an biya kuɗin ƙofa kafin a kalle shi."

"To ka kai musu. Ga sarauniyarka nan na ɗauka."

Fernand ne ke cin yawancinsu. Wannan bai dami Orest ba, domin wasan Talata ba a rubutawa, ba agogo, ba alƙali. Motsa jini yake kiransa. Ya ce duk mai son sanin waye gwani tsakaninsu ya je ya tambayi gwangwanin Thora.

Fernand ya rasu a watan Maris na 2019, yana da shekara tamanin da ɗaya. Aka ƙone gawarsa kamar yadda ya bar wasiyya, matarsa Pierrette ta tafi da tokar gida a ɗan tulun tagulla. Orest ya tsaya a waje har aka gama addu'a, don ba ta yadda za a shiga wurin sai ta babbar ƙofa. Na gan shi ta taga, ƙanƙara na zuba a kafaɗarsa, bai ko kakkaɓe ba.

Shugaban ƙungiyarmu a lokacin Dwight Penner ne, mai sayar da inshora, mutumin da ba ya iya ganin layi fanko a takarda ya ƙyale. Ƙungiya za ta cika shekara saba'in a watan Mayu, yana so kofi ya fito cif. Ya tono tsohon littafin dokokinmu ya kira taro.

"Abin mai sauƙi ne," ya ce. "A sa ranar ci gaba da wasa. A tayar da agogon wasa, ɓangaren wanda bai zo ba. In awa ɗaya ta cika bai zauna ba, an cinye shi."

"Dwight, mutumin fa ya mutu," na ce.

"Littafi bai ware matattu ba, Thora. Mu dai mu bi tsari."

Aka kaɗa ƙuri'a, aka bi tsari. Har wasiƙa mai rajista aka aika gidan mamacin, don kada a ce ba a sanar da shi ba.

Ana saura kwana biyu Orest ya zo gidana, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kicin, hularsa a gwiwa, idonsa a kan gwangwanin biskit.

"In bai zauna ba, ba a buɗewa ko?"

"Ba a buɗewa. Haka littafi ya ce."

"Ko bayan an gama?"

"Bayan an gama naka ne, ka jiƙa ka sha in ka ga dama."

"Kuma ba zai zo ba."

"Orest, da ransa ma sau talatin da uku bai zo ba."

Ya yi ajiyar zuciya ya tashi. Na ɗauka kewar abokinsa ce. Washegari aka gan shi a shagon tufafi yana gwada sabuwar kwat.

Ranar Asabar ɗin ɗakin ƙarƙashin coci ya cika maƙil. Matan coci, jikokin waɗancan na farko, sun kawo firogi tire-tire. Ɗan jaridar Alhamis ya zo da kyamara. Na jera sabon allo daidai da na cikin gilashi, na ajiye ambulan a gefe, kofi na ƙyalli a kan kanta. Orest ya zauna a bayan farare cikin kwat ɗinsa, gabansa kujera ba kowa. Ƙarfe biyu daidai na danna agogo, ɓangaren Fernand ya fara tafiya.

Ban taɓa ganin abin ban dariya da ban haushi irin wannan ba. Mutum sittin sun yi tsit suna kallon kujera. Wani ya yi tari, Dwight ya harare shi, wai ana wasa. Orest ya dafe kai da hannu biyu yana kallon allo kamar mai nazari, ɗan jarida na ɗaukarsa ta hagu da ta dama.

Saura minti goma sha biyu muka ji ƙwas, ƙwas a matakala. Pierrette ce da sandarta, da jakar cefane a hannu. Ba ta taɓa sauko ɗakin nan ba a rayuwarta, ta sha cewa dara aikin marasa aikin yi ne. Ta ratsa mutane ba ta gai da kowa ba. Ta ɗauko littattafan waƙoƙin coci huɗu ta jera a kan kujerar, ta ciro tulun tagulla daga jaka ta ɗora a kai, har ya leƙo saman tebur.

"Ga shi ya zo," ta ce. "Bayan ya warke."

Wata mata ta saki tire. Dwight ya taso yana gyara wuyan riga.

"Madam Gosselin, muna taya ki jimami, amma wannan ba zuwa ba ne."

"Ba kai ka aiko masa da wasiƙa ba? Ni na sa hannu na karɓa. Ka kira mutum ya zo, ka ce bai zo ba?"

Aka kaure da surutu, wasu na cewa a buɗe, ai dama abin da muke jira ke nan, mu ga dokin nan da idonmu. Dwight na ta buɗe littafi yana rufewa. Hukunci nawa ne, ni ce alƙaliya. Sai na juya wurin Orest. Kunnuwansa sun yi ja, irin jan da na gani a 1986, yau kuwa ba murhu a ɗakin. Nan take na gane wancan ma ba zafin murhu ba ne.

"Orest," na ce, "abokin wasanka ne. Ya zo ko bai zo ba?"

Agogo ya nuna saura minti tara. Ba abin da yake bukata sai ya ɗaga hannu ya ce doka ta hana shi magana. Da Dwight ya ƙarasa masa sauran, a zana sunansa a kofi, ya tafi gida da ambulan ɗinsa a aljihu. Na ga hannun ya fara tashi. Sai ya tsaya yana kallon tulun, ya daɗe, hannun ya koma kan tebur.

"Ya zo," ya ce. "Makara dai halinsa ce. Buɗe, Thora."

Na yage bakin ambulan. Takardar ta yi rawaya, biro ya huda ta wuri biyu. Na karanta sau biyu don kada in yi masa ƙarya, sannan na miƙa hannu kan allo. Mutane duk sun zuba wa farin doki ido, ni kuwa na wuce shi na ɗauki sarauniya, na tura ta gida uku gaba, na ajiye ta daidai inda baƙin dokin Fernand zai cinye ta a banza. Ni da ban iya wasa ba ma na gani.

Dwight ya sunkuya kan allo, ya karkata kai.

"Wataƙila fa akwai zurfi a ciki," ya ce. "In aka ba da sarauniya, sannan..."

"Ba wani zurfi, Dwight," in ji Orest. "Ban ga dokinsa ba. Ina lasar ambulan na hango shi."

Ya sa yatsa ya kwantar da farin sarkinsa a hankali, ya danna agogo ya tsaya. Daga nan ya rasa yadda zai yi da hannunsa, domin al'ada ce a yi musabaha, sai ya ɗora shi a kan murfin tulun.

Pierrette ba ta gama ba. Ta sake sa hannu a jaka ta ciro wata 'yar takarda, shafi ne daga littafin odar burodi, an goga masa fensir ya yi baƙi. A tsakiyar baƙin ga rubutun Orest fari fat, takun nan dai na sarauniya. Ta ajiye a gabansa.

"Hannunka ne ya tona ka, ƙaton banza. Ran Lahadin farko Fernand ya buɗe littafinsa zai rubuta oda, ya ga sawun bironka ya shiga har shafi uku."

"Ya sani?" in ji Orest. "Tun lokacin?"

"Tun lokacin. Na ce masa je ka ɗauko kofinka. Ya ce, Pierrette, kin san halin mutumin nan. In na cinye shi a gaban jama'a ba zai sake sauko matakalar nan ba har ya mutu. Kofi in sa shi a ina? Ran Talata kuma in buga da wa, da Dwight?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Pierrette ta juyo ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kaina ta ɗan daɗe.

"Mijina bai taɓa ciwon baya ba. Buhun fulawa yake ɗauka har ya shekara saba'in. Shekara talatin da uku kuna dafe ƙugu kuna masa nishi, yana dawowa gida yana hana ni magana. To yanzu ba mai hana ni."

Ta mayar da tulun cikin jaka, ta ɗauki firogi biyu ta naɗe a takarda, ta hau matakala. Orest ya tashi ya bi ta ƙofar baya, ya bar sabuwar kwat ɗinsa a jikin kujera. Ni kuwa na zauna da yagaggen ambulan a hannu, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Kafin magariba gari ya gama yanke hukunci: shi ke nan, ba za mu sake ganin Orest a ɗakin nan ba. Mun san halinsa, wataƙila ma ya daina bin layin cocin gaba ɗaya. Mai gidan abinci ya goge Ambulan daga allon abincinsa. Waɗanda suka fi kowa tafi a lacca suka ce su dama tun can suna da shakka. Ran Litinin kuma aka nemi kofi aka rasa, Dwight har ya fara cika takardar inshora.

Ran Talata na je don in kwashe allon gilashin nan, in ga ko gam ɗin zai ɓanɓaru. Ƙarfe uku daidai na ji ƙofar baya ta yi ƙara, na ji takun mai nauyi a matakala. Orest ne, da flas ɗin shayi a hannu ɗaya, kofi a ɗaya. Ya dire kofin a kan kanta. A layin 1986 ya zana Fernand Gosselin da ƙarfen garejinsa, haruffan sun karkace, ya danna har gefen kofin ya lotsa.

Ya wuce teburinsu ya zauna. Ya jera farare, ya miƙa hannu ya jera baƙaƙe, ya ciro kofunan shayi biyu daga aljihu kamar yadda ya saba, sai ya tsaya da na biyun a hannu yana kallon kujerar da ke gabansa. Tausayinsa ya kama ni, har haushin da nake ji ya tafi. Na ajiye tsummana na je na ja kujerar na zauna.

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ai ba ki iya ba," ya ce.

"Kai ma mun gani," na ce.

Ya goge ido da bayan hannu. Sannan ya zuba mini shayin, ya tura sojansa gaba.